Takardar da Ba ta Cikin Jeri

Litinin, 5 ga Fabrairu, 1973
Sakula, wato takardar sanarwar hukuma, ta iso daga Maiduguri. Ana son mutum ɗaya daga lab ɗinmu, ɗakin gwaje-gwajen asibiti, ya je Ibadan kwas na shekara guda, ya koyi duba ƙwayoyin jiki a madubin likita don gano ciwon daji tun bai yi ƙarfi ba, musamman na bakin mahaifa. Shekara goma sha huɗu ina kan wannan benci. Wa za a tura in ba ni ba?

Alhamis, 8 ga Fabrairu
Akawu ya karanta mini sharuɗɗa. Satifiket na sakandare, da kiredit a Kemistiri da Bayoloji. Sannan horon lab a makarantar da hukuma ta amince da ita. Na miƙa takardata ta asibitin mishan inda na koyi aiki. Ya bi jerin makarantun da yatsa har sau biyu. "Malam Hayatu, ba ta ciki." Ni daga makarantar Midil na tsaya, ban yi sakandare ba. Kemistiri kuwa a kwalba na san shi, ba a littafi ba.

Litinin, 5 ga Maris
Kezia aka zaɓa, sabuwar yarinyar lab ɗinmu. Wata bakwai da fara aikinta. Jiya-jiya ta fasa mini gilashi uku.

Laraba, 14 ga Maris
Ban amsa gaisuwarta ba. Na san ba laifinta ba ne. Duk da haka.

Litinin, 2 ga Afrilu
Adda Zulaihatu, yayata, ta tsallako kogi daga Vinikilang. Jini take gani wata biyar, alhali ta daɗe da daina al'ada. Kunya ta hana ta faɗa. Likita ya ɗebi abin gwaji, ni na shafa shi a gilashi, na yi masa rini. Kafin in naɗe na leƙa a madubi. Akwai ƙwayoyi masu baƙar cibiya, manya, ba su yi mini ba. Amma ban san sunansu ba, kuma ba ni da ikon sa hannu. An aika Ibadan.
Ta tambaye ni, "Me ka gani?" Na ce zafin Jimeta ne ya ramar da ita. Allah ya yafe mini.

Juma'a, 20 ga Afrilu
Shiru daga Ibadan. Kullum sai na leƙa jakar wasiƙu.

Alhamis, 10 ga Mayu
Sakamako ya zo. Sati biyar da kwana uku. Daji ne, kuma ya yi nisa. Likita ya ce da akwai mai dubawa a nan, irin su Adda da yawa za a kama nasu da wuri.
Na zauna bayan lab ƙarƙashin dalbejiya. Kezia ta kawo mini ruwa, ta tsaya nesa kaɗan. "Baba Hayatu, takarda ce kawai ta zaɓe ni. Hannuna bai iya ba. In na je haka, kunya zan ji."
Na ce ta zo gobe ƙarfe bakwai.

Talata, 29 ga Mayu
Rininta ya fara fita tsaf. Ita kuma ta buɗe littafinta ta nuna mini dalilin da cibiyar ƙwaya ke shan shuɗi. Shekara goma sha huɗu ina yi ban san dalili ba.
Adda tana gidana. Tana shan kunu kaɗan-kaɗan. Ta ce in gaida "yarinyar da za ta je karatun mata."

Talata, 12 ga Yuni
Kezia ta hau motar Ibadan jiya.
Da la'asar na bi ta Karewa, inda wani Malam Absalom ke koyar da masu shirin jarrabawar sakandare daga gida. Kallo kawai na je yi. Ɗaliban duk sa'o'in ɗana ne, bencin ma ya yi mini kaɗan. Ban ce zan zauna jarrabawa ba.
Ya ce a kawo hoto biyu na rajista. Na riga na yi aski.