Hannun Takwararki

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yaran baki ɗaya. Allah ya kawo sauƙin ciwon bayan da tsayuwar asibiti ta jawo miki, ya sa albarka a cikin aikin. Mu nan da sauƙi, alhamdulillahi. Kumburin ƙafar Mama ya sace, har tana takawa bakin titi da kanta. Baban takwararki ya dawo daga aikin gadar da aka tura su, ya yi baƙi ya rame, amma lafiyarsa ƙalau. Ita kuwa takwararki ta zubar da haƙoran gaba biyu, in ta yi dariya sai ki ce tsohuwa ce, sai dai kwanan nan dariyar ta yi mana wuya.

Na san labari ya riga ni isowa. Sau huɗu kika kira ban ɗaga ba, ki yafe mini, ba raini ba ne. A waya mutum yakan fara magana daga tsakiya, ni kuwa so nake ki ji ta daga farko. Na ji ana cewa na fasa wa Kawu ido, na kuma ji ana cewa da wuƙa na bi shi. Duka biyun ba haka ba ne, amma abin da ya faru ma bai yi kyau ba. Zan faɗa miki abin da na gani da idona, inda kuma faɗa mini aka yi zan ce faɗa mini aka yi.

Kin tuna bara na cire takwararki daga makaranta, bayan malamar ajinsu ta buge ta da gefen rula don tana rubutu da hagu, har farcenta ya fita. Tun daga nan nake koya mata a gida, wata bakwai ke nan. Mun ja teburin cin abinci kusa da tagar falo, na sayi ɗan farin allo mai bakin ƙarfe, muna zama daga takwas da rabi zuwa sha ɗaya. Da farko na sha wahala, don in na zauna gefenta na rubuta harafi da dama sai ta rikice. Daga baya na gano in na zauna ina fuskantarta, hannuna na dama da nata na hagu suna gefe ɗaya, kamar mai kallon madubi, sai ta ga yadda ake riƙe fensir ta kwaikwaya. Na karkata mata takarda kaɗan don kada gefen hannunta ya riƙa goge abin da ta rubuta. Cikin wata uku ta fara haɗa kalmomi. Kafin zuwan Kawu tana rubuta mini jerin cefane, tana saka alewa a tsakiya, wai ko zan saya ban lura ba.

Kawu ya sauka wurinmu ne saboda aikin yanar ido, tunda mu ne kusa da asibitin. Kwana tara kafin aikin mun zauna lafiya. Yakan kishingiɗa a doguwar kujera yana jin karatunmu, yana gyaɗa kai, yana cewa shekara talatin da huɗu yana shugabantar makaranta bai ga 'yar shekara shida mai bakin karatu kamarta ba. Yana kiranta matarsa, ita kuma tana cewa ta fasa auren sai ya daina munshari. Ban yi tunanin komai ba. Na manta cewa mutumin ba ya ganin abin da ya wuce tsawon hannunsa. Ranar Talata aka cire masa bandeji, muka dawo gida, ya zauna yana ta kallon labule da agogon bango kamar yaro. Sai idonsa ya sauka a kan tebur. Ya tambaye ni tun yaushe take riƙe fensir da wannan hannun. Na ce tun da aka haife ta. Ya ce kuma ina zaune ina kallo. Na ce da gangan na bar ta, na kawo masa bayanin likitoci, na ce magana ce da ni da ubanta muka gama. Ya yi shiru, ni kuma na ɗauka shirun yarda ne. Ke da kika fi ni saninsa da ba ki yi wannan kuskuren ba.

Ranar Alhamis maganin da ake ɗiga masa a ido ya ƙare. Na ba takwararki aikin kwafe layi biyar, na sauka shagon magani da ke ƙarshen layinmu. Minti ashirin da uku na yi, don na tarar da mutane. Da nake hawowa bene ban ji kuka ba. Wani sauti nake ji, tas, sai shiru, sai kuma tas. Na buɗe ƙofa. Ya ɗaure mata hannun hagu ta baya a jikin kujera da ragowar igiyar shanya, irin ta robar nan, ya zagaya sau uku. Fensir yana hannunta na dama. Yana tsaye a kanta da rular ƙarfen da na taho da ita daga gidan jaridar da na yi wa aiki, wadda nake ja mata layi da ita. Duk harafin da ya karkace sai ya sauke mata gefen rular a kan yatsu. Bayan hannun ya kumbura, fata ta tsage a wuri biyu, jini ya ɗiga a littafin. Ta yi fitsari a zaune. Ba ta kuka saboda, kamar yadda ta faɗa mini daga baya, ya ce kowane kuka da ƙarin ɗaya.

Ba zan ce miki hankalina ya gushe ba, domin ina tune da komai. Na ajiye ledar maganin a kan firji. Na ɗauki farin allon da hannu biyu. Ya juyo yana cewa in tsaya in ga yadda ake aiki, sai na maka masa shi a gefen kai da iyakar ƙarfina. Bakin ƙarfen ya same shi a saman gira. Robar kariyar da aka bar masa a kan idon bayan cire bandeji ta yi tsalle ta faɗa ƙarƙashin tebur, shi kuma ya yi baya ya bugu da kantar littattafai, ta zubo masa. Na sake ɗaga allon. Wannan ban faɗa wa kowa ba sai ke. Abin da ya tsayar da ni ihun takwararki ne, don sai a lokacin ta buɗe baki, kuma ba shi take kallo ba, ni take kallo. Na yar da allon, na ɗauko almakashi na yanke igiyar. Ta bar mata shaida zagaye da wuyan hannu, yatsun sun yi sanyi sun canza launi. Na naɗe mata hannun dama da tawul, na ba shi wani ya danne goshinsa, na tare mota ɗaya na kai su asibiti, tsoho a gaba yana zubar da jini a rigarsa, yarinya a cinyata.

Ɗinki huɗu aka yi masa. Likitan ido ya duba ya ce aikin bai taɓu ba, amma da bugun ya sauka ƙasa da faɗin yatsa biyu da wata maganar ake yi. Ita kuma hoto ya nuna ƙashin yatsanta na tsakiya ya tsage, an ɗaure shi da ɗan ƙarfe, sai bayan sati uku za a cire. A barandar asibitin Kawu ya ce da ni, a gaban mutane, shi ya ciyar da mu bayan rasuwar Baba, shi ya sa mu makaranta, ga sakayyarsa. Ya ce ɗaruruwan yara ya gyara da hannunsa, har da ke, wai ga ki can kina aikin jinya a ƙasar mutane, wa ya san kin taɓa zama bahaguwa. Da yamma baban yarinyar ya iso, ya ga hannun, ya shiga ɗakin baƙi ya ɗauko jakar Kawu zai wurga ta daga bene. Na tare ƙofa na ce duka ɗaya ya isa gidan nan. Ya naushi ƙyauren har katakon ya fashe, yanzu shi ma da nasa kumburin. Washegari aka mayar da Kawu wurin Mama.

Mama tana tsaka mai wuya, wanta ne, ni kuma 'yarta. Ta ce in zo in durƙusa in ba shi haƙuri, kada a ce ta haifi mai dukan iyaye. Na je ranar Lahadi. Na durƙusa, na ce na yi laifi da na ɗaga masa hannu, kuma ina neman gafararsa a kan wannan har zuciyata. Na ce amma hannun yarinya ba laifi ba ne, kuma ba zai sake zama da ita ba sai ina wurin. Ya ce rabin haƙuri na kawo, in koma da abina. Mama ta bi ni har ƙofa tana cewa da na yi shiru a kan na biyun. Wataƙila da gaskiyarta. Ban iya ba.

Duk wannan ba shi ya sa na zauna rubuta miki ba. Kwana goma sha biyu takwararki ba ta taɓa fensir ba. Hannun hagun ya warke, shaidar igiya ce kawai ta rage, amma in ta zauna sai ta cusa shi ƙarƙashin cinyarta. In na buɗe littafi sai ta ce cikinta yana ciwo. Shekaranjiya na leƙa ɗaki na same ta ta ɗaure hannun 'yar tsanarta da ribom a ƙafar gado, tana dukanta da cokali, tana ce mata ta sake, ta sake, da irin muryarsa. Da na matsa kusa sai ta kare kanta da hannu. Daga gare ni ta kare kanta, Yaya. Daga baya, ina taje mata gashi, ta tambaye ni ko in ta ɓata harafi ita ma da allon zan buge ta. Na cire ta daga makaranta don kada ta haɗa karatu da duka, sai ga shi a kan teburinmu ta ga mafi muninsa, kuma rabinsa daga hannuna ya fito. Na ce mata abin da na yi ba daidai ba ne, na kuma nemi gafarar Kawu. Allon na ba mai kwasar shara, a gabanta.

Tun ranar nake tuna wani abu da ba mu taɓa magana a kai ba. Ina da shekara biyar, kina da takwas. Kina zaune a kan benci, hannunki na hagu a cikin riga Kawu ya ɗaure shi da tsumma, hannun rigar yana lilo babu komai a ciki, kina rubutu da dama hawaye yana ɗiga a takarda. Ni kuma aka ce in tsaya in kalla don in kiyaye. Duk tsiyar da na yi miki a kan rubutunki, ina cewa kamar kaza ta yi tonon ƙasa, ban taɓa haɗa shi da wannan bencin ba sai yanzu. Ki yafe mini. Jiya na ba takwararki labarin, na rage masa kaifi. Sai ta tambaya ko hannun naki yana tune da rubutu har yanzu, ko ya manta. Na ce ban sani ba, sai mun tambaye ki.

To ga roƙona. Ki samu takarda ki rubuto mata da hannun hagu, ko layi biyu ne, ko da ya fito a karkace, ya fi ma kyau in ya karkace. Kada ki buga a waya, kada ki sa yara su rubuta miki. Na san ba ƙaramin abu nake nema ba, shekara talatin ke nan. In ba za ki iya ba ki faɗa mini, ba zan ga laifinki ba, zan nemi wata hanya. Maganar Kawu kuma ki bar mini ita, kada ki sa baki ki ɓata da Mama a kaina.

Ki duba bayan wannan shafin. Ɗazu na tashi sauke tukunya, na dawo na tarar ta kife takardar, ta ɗora hannunta na dama mai ɗaurin, tana zagaya shi da fensirina. Da hagu take riƙe da shi. Na tsaya a bakin ƙofar kicin ban yi motsi ba har ta gama. Yatsan tsakiyan da za ki ga ya fi sauran kauri, ƙarfen ne. Na ce ko za ta sa sunanku a ƙasa, ta ce a'a, sai ta ga naki tukuna.

Ki gaishe mini da maigidanki, da babbar 'yarki mai jarrabawa, Allah ya ba ta sa'a, da tagwaye, a ce musu ban manta alkawarin littattafan ba. Mama tana gaishe ki, baban takwararki ma haka. Mai kawo takardar zai juyo nan da kwana goma, in amsar ta samu ki ba shi.

Allah ya tsare mana ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
Ƙanwarki