Awa Bakwai Tsakaninka da Inna

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Mu nan sai godiya. Baban yara ya koma aiki, ciwon ƙafarsa ya yi sauƙi. Inna kuwa jiki ya ƙi, sai mun tayar da ita zaune, sallah ma a kwance take yi.

Na ga hoton taswirar da ka turo ta waya, da jan layi daga garinku zuwa namu, da lambar da ka zagaye, kilomita dubu biyar da ɗari takwas. Ka ce in duba nisan in daina matsa maka. Ni allo na riƙe, ban yi boko ba, kuma ban so in yi maka mummunan zato kan abin da ban sani ba. Shi ya sa shekaranjiya da na je sayen maganin Inna, na shiga shagon da ke jikin kemis, inda ake sayar da tikitin jirgi. Mai shagon ya daddanna kwamfutarsa, ya ce jirgi na tasowa daga wurinku sau uku a mako, ba ya yada zango ko'ina, awa bakwai ne. Na ce ya sake dubawa, ko kwana bakwai yake nufi. Ya yi dariya ya ce, "Mama, in mutum ya taso bayan asuba, da ku zai yi la'asar."

Don kada in zalunce ka, na ƙara maka awa uku na zaman filin jirgi, da biyu na mota. Sha biyu ke nan. Wannan shi ne nisan da ya gagari babban mutum irinka wata huɗu. Kawu mai gyaran keke, da ciwon gwiwarsa, yini guda yake yi a motar haya, ya zo duba Inna sau biyu, bai turo wa kowa taswira ba. Ranar da aka haife ka ina bakin ƙofa, naƙudarka ma ta fi awa bakwai.

Abin da ya fi damuna shi ne ka sa ni ƙarya. Ka ce in Inna ta tambaya in ce kana hanya, ni kuma na biye maka. Ita tafiya irin ta zamanin da ta sani, sai ta yarda. Kowace safiya sai ta sa na kaɗe shimfiɗar ɗakinka. Bayan kowace sallah tana roƙon Allah Ya sauke matafiyi lafiya, matafiyin da ke miƙe a kujerar falonsa yana zana layi, ni kuma ina cewa amin. Na yi istigfari, ba zan ƙara ba. Akwai jirgi Laraba, akwai Asabar. In Asabar ta wuce Inna ta tambaye ni, zan ce mata awa bakwai ne, sauran lissafin ta yi da kanta.

Ka gaishe min da matarka da 'yan biyu. Baban yara da Kawu suna gaishe ka. Na tambayi Inna ko tana da saƙo, ta ce in bar ɓata takarda, ai kana hanya, za ta gaishe ka da bakinta.

Wassalam,
Yayarka