Saiwar Baba da Ɓerayen Ramlatu

Lahadi, 4 ga Fabrairu, 2018
Ƙanwata Ramlatu ta zo daga Kano. Wai digiri na biyu take yi, kuma a kan maganin ƙarfin jikin nan na Baba za ta yi bincike. Za ta ɗura wa ɓeraye ta ga yadda hantarsu za ta yi. Baba sai murmushi yake kamar an ba shi kujerar Makka. Ni Munzali shekara goma sha takwas ina daka masa, ko sannu da aiki sai ya ga dama.

Talata, 6 ga Fabrairu
Yau Baba ya kai ta dajin Lausu ya nuna mata itacen da ake tono saiwar. Da ciwon gwiwar tasa. Ni a bushe ake miƙo mini ita, ko ganyenta ban sani ba. Yarinyar da na goya zuwa allo. Na ji haushi, abincin rana ma ban ci ba.

Alhamis, 8 ga Fabrairu
Ta ɗebi kashi biyu. Na ɗaya wanda Baba ke haɗa wa gida, na biyu wanda nake kai wa mutane Kibiya a babur. Ni na cika mata ledar da hannuna.

Baba kwana uku yake jiƙa saiwar, kullum safe ya zubar da ruwan, sannan ya shanya a inuwa. Ni tun da aikin ya dawo hannuna na daina. Ina dalili a zubar da ƙarfin magani a rariya? Mutanenmu in abu bai yi ɗaci ba ba sa yarda yana aiki. Baba bai san na daina ba. Bari binciken nata ya faɗa masa wane ne ya fi.

Alhamis, 15 ga Maris
Ta bugo waya, Baba ya yi rabin awa yana tambayar lafiyar ɓeraye. Ɓeraye fa.

Juma'a, 20 ga Yuli
Ta dawo da takardu. Bayan sallar Juma'a ta baje su a zaure. Wai an aika jinin ɓerayen da fitsarinsu wani ɗakin bincike, wani inji ya karanta ɗaruruwan sinadarai a ciki, yana gane hanta ta fara gajiya tun ido bai canza ba. Masu shan na ɗaya lafiya lau. Masu shan na biyu hantarsu ta taɓu, uku sun mutu.

Baba ya ce, "Daga ina na biyun?"

Ta ce, "Saiwa ce da ba a jiƙa ba, Baba." Ko kallona ba ta yi ba.

Ya ce ai shi ya sa mahaifinsa yake zubar da ruwan, bai dai taɓa faɗa masa dalili ba. Ya yi ta sa mata albarka.

Asabar, 21 ga Yuli
Ɓera ba mutum ba ne. Haka na faɗa mata a bakin rijiya. Ta ce, "Gaskiya ne, Yaya. Amma wa ya fi yawan sha a cikin mutanenka?" Na ce ba ruwanta.

Har rufa mini asirin da ta yi ciwo yake mini. Ga boko, ga itacen Lausu, yanzu kuma ita ce mai kirki.

Litinin, 23 ga Yuli
Ja'afaru na Tarai, shi ya fi kowa sha. Tun faɗuwar damina kullum sai ya sha kafin ya tafi gona. Mako biyu da suka wuce na ga idonsa ya yi rawaya, na ce masa ciwon shawara ne, ya riƙa shan cokali biyu. Ni na faɗa masa haka. Yaransa biyar.

Talata, 24 ga Yuli
Ban iya daka ba yau.

Alhamis, 26 ga Yuli
Na je Tarai, hanya duk taɓo. Na tarar da shi a kwance, matarsa na dama masa garin maganin nawa. Na karɓe kofin. Ya ce, "Malam Munzali, lafiya?" Na ce ya hau babur kawai.

A ƙofar asibiti na kira Ramlatu, don ban san sunan gwajin ba. Ta faɗa mini harafi-harafi na rubuta a tafin hannu. Ba ta yi mini gori ba, da ta yi da na kashe wayar. Likita ya ce hantar ta kumbura amma an zo da wuri, kada ya ƙara shan komai.

A hanyar dawowa na bi Nariya da Kibiya na karɓo leda goma sha ɗaya. Saura huɗu.

Ban ce ta fi ni sanin magani ba. Ko turmi ba ta iya riƙewa. Amma gobe bayan karin kumallo zan faɗa wa Baba na biyun nawa ne. Gara ya ji daga bakina. Ba zan bar mata ladan rufa mini asiri ba, wannan ɗaya dai ba za ta samu ba.