Masu Jiran Maigida

Zuwa ga 'yata Babba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki da sauƙin zuciya, ke da mijinki da yara. Allah ya jiƙan yaron nan, ya ƙara mana haƙuri. Mu dai muna nan. Ƙafata ta sake kumbura, kawunki kuma hawan jininsa ya lafa. Ina ci, ina barci, masu zuwa gaisuwa suna ta yaba tawakkalina. Ba tawakkali ba ne, 'yar nan. Zuciyar ce ta yi kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Kin aiko a goge wayar marigayin a ba Auta. Ban yi ba, ga kuma dalili. Kin san ɗan naki, wanda nake tsokana da Maigida tun yana goye, ciwo ya hana shi yawo, sai ya tara abokai a waya, masu son zanen Japanawan nan mai motsi da suke kira anime, mutanen ciki idanu kamar faranti, gashi kamar an tsorata su. Su biyar ne da shi, duk Hausa suke ji, amma kowa da ƙasar da yake zaune, ba wanda ya taɓa ganin fuskar wani. Akwai Kyanwa, da Mai Takobi, da Likita, da wani wai shi Malam Shiru, wanda ya fi kowa surutu. Su suka koya masa cin abinci da tsinke biyu, rabi a baki rabi a kan zanin gado. Na sha ce masa ni kam na yi dacen miji, ba cefane sai ɓarna.

Ashe suna da ƙa'ida. Duk Asabar da la'asar suke kallon kashi ɗaya tare, ba mai wuce wani, kuma Maigida ne ke ƙirga musu ɗaya, biyu, uku, su danna lokaci guda. Saura kashi ɗaya labarin ya ƙare aka kwantar da shi asibiti.

Wayar tana ɗakinsa nan gidanmu, kan teburinsa kusa da kwalaben magani, kullum tana ƙugi. Ran Talata na danna inda ya koya mini, sai ga muryoyinsu. Sati bakwai suna jiransa. Kyanwa na cewa ko aure ya yi ya ɓuya, ya fito an yafe masa. Mai Takobi ya rantse duniya duk ta gama kallo, shi kuwa toshe kunne yake a wurin aiki don kada a ba shi labari. A cikinmu ba wanda ya tuna ya gaya musu. Sai na faɗa musu ni kakarsa ce, Allah ya yi masa rasuwa. Na ji muryata ta fita kamar mai sanar da maƙwabta an ɗauke ruwa.

Aka kwana aka tashi. Sannan Kyanwa ta yi magana, ashe matar aure ce, har ina jin jaririnta na kuka. Ta roƙe ni in ƙirga musu a madadinsa.

Ran Asabar na zauna bakin gadonsa na ƙirga. Rubutun ƙasan allon ya fi idona gudu, ban gane komai ba. Wani saurayi dai ya tsaya kan gada cikin ruwan sama, ya daɗe yana magana, sannan ya ajiye takobinsa. Ni da na tashi da tatsuniya, na dai san an zo ƙarshe. Su huɗun suna ta kuka a wayar, ina sauraro kamar ruwa na zuba a rufin wani gidan. Da aka gama ba wanda ya kashe, har aka kira magariba.

Muryarsa ta tsawon shekara shida tana cikin wayar nan, har da dariyarsa. Ban iya buɗewa ba tukuna. Ke ce uwa, ranar da kika ji za ki iya, tana nan. Auta a nema masa wata, wannan ki bar mini ita. Sun ce za su fara sabon labari Asabar mai zuwa, kuma ba za su danna ba sai na ƙirga. Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Na dai ba kawunki tabarauna ya kai a canja gilashi.

Ki gaida surukina, da takwarata, da 'yan biyu. Kawunki da gwaggonki da Auta suna gaishe ki. Allah ya sanyaya miki.

Taki,
Mahaifiyarki.