Hannun Da Na Ƙi Sawa

Ustaza Karima,

Ki dube ni da rahama ki ba ni shawara, domin abin da ke damuna na kasa faɗa wa limaminmu.

Shekarata hamsin da uku. Mijina ya rasu ya bar mini gida mai hawa biyu a garin Damanhur. A sama akwai ɗan haya, Usta Mitwalli mai gyaran famfo, da matarsa Nagla da 'ya'yansu uku mata. Shekara sha huɗu suna zaune babu takardar haya. Fatiha suka karanta da marigayi, suka yi musabaha, shi ke nan.

Bara aka kama shi bisa zargin satar injin ruwa a wani gini da ya yi aiki. Aka yanka masa belin da ya fi ƙarfinsu. Lauya ya ce idan aka kawo shaidar yana da tabbataccen mazauni, ana iya sakinsa ba kuɗi. Nagla ta sauko da takarda tana roƙon in sa hannu, na ƙi. Na ce mata ban taɓa taka ofishin 'yan sanda ba, kuma ba na shaidar abin da ban gani ba. Alhali ba halinsa aka tambaye ni ba, inda yake kwana aka tambaya, kuma kullum ina jin takunsa a saman kaina. Tsoro na ji kada sunana ya shiga takardun hukuma, sai na kira tsoron tsantseni. A makon kuwa, da zancen sauƙaƙa beli ya taso a majalisinmu na karatu, ni na fi kowa zaƙewa cewa ba a kama mutum haka siddan.

Wata takwas ya yi a tsare kafin kotu ta wanke shi. Ya fito da tarin da har yau bai rabu da shi ba, kuma masu neman babbar 'yarsa sun janye.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, Nagla ta ce masa na sa hannu, can wurin hukuma ne aka ƙi karɓa. Ta yi haka ne don kada ya fusata ya kwashe su, ba su da wurin zuwa. Kowace safiya yana tsayawa a ƙofata ya ce, “Allah ya saka miki, Hajja,” ita kuma tana bayansa ta ƙura wa ƙasa ido. In faɗa masa in tona ta, ko in ci gaba da amsa amin ga addu'ar da ba tawa ba?

Wata baiwar Allah, Damanhur

*

'Yar'uwata,

Ba zan ce miki abin ba komai ba ne, kin fi ni sanin nauyinsa. Amma ba ke kika kama shi ba, ba ke kika yanka belin ba, kuma ba mu san ko takardar za ta karɓu ba. Tsarin da ke barin mai kuɗi ya kwana gida, marar shi ya jira shari'a a kurkuku, yana da nasa alhakin. Ki ɗauki naki kawai.

Kada ki fara da Mitwalli. Idan kika yi gaggawar faɗa masa, ke za ki samu sauƙi, Nagla ce za ta kwana a ciki. Ki hau sama lokacin da ya tafi aiki, ki roƙe ta gafara ba tare da kawo uzuri ba, domin ita ta tsaya gabanki da takarda. Ki rubuta musu takardar haya kafin wata magana, ta san ba za su rasa matsuguni ba. Ki sa a kai shi likitan ƙirji. A majalisinku kuma ki janye maganarki a gaban waɗanda suka ji ta, ba sai kin ambaci suna ba.

Yana da haƙƙin sanin gaskiya, amma Nagla ce za ta zaɓi ranar, ku faɗa masa tare. Mai yiwuwa ya yafe, mai yiwuwa ya daina gaishe ki. Ki shirya wa duka biyun.

Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ƙarfin hawa benen nan gobe.

Karima