Mastan Kulocin Motar Auta

Litinin, 5 ga Mayu

Kayan da Auta ta yi oda sun iso. Daga makarantar da take koyarwa ta wuce gareji, alli a hannun rigarta, kwali a rungume. Mastan kuloci ne, ɗan famfon da ke tura mai in an taka feda, irin na masu tsere, ba na kamfanin motar ba. Ya fi na asali faɗin baki, kuma sandar da ke haɗa shi da feda tana da noti, ana iya ƙara mata tsawo ko a rage. Ta ce tun da muka sa faifan kuloci mai ƙarfi, tsohon mastan ba ya raba shi sosai, giya ta biyu tana gurnani. Gaskiyarta ce, ni ma na ji.

Ran sha bakwai ga wata za a yi gwajin da za a ɗauki direbobi shida na gasar bana. Shekara biyu tana jiran ranar. Uwarta har yau ba ta yafe mini koya wa autarmu tuƙi ba.

Akwai takarda a kwalin, shafi huɗu, rubutu kamar ƙwan tururuwa. Na mayar da ita ciki. Shekara talatin da huɗu ina wannan sana'a.

Talata, 6 ga Mayu

Na cire tsohon. Sai da na kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a kan kujera, kafin na kai ga ƙusar feda. Maƙwabcina mai walda ya leƙo ya ce in na maƙale ya kira motar ja. Na ce ya je ya ji da tartsatsinsa.

Ramukan noti sun dace, tiyo ne kawai na canza. Mai ya ɗiga a kan fenti, na yi maza na goge kafin ya ci.

Laraba, 7 ga Mayu

Cire iska daga man kuloci aikin mutum biyu ne. Ita a kujera, ni a ƙarƙashin mota da sifana takwas da kwalba. Taka. Riƙe. Saki. Mun yi ya fi sau talatin kafin kumfa ta daina fita. Tun tana shekara tara take yi mini wannan, lokacin sai ta zamo daga kujera kafin ƙafarta ta kai.

Da na zo saita sanda ta ce, "Baba, takardar ta ce a bar wa feda ɗan wasa a sama, kada a ɗaure ta tam." Na ce takarda ba ta taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota ba. Motar tsere ba ta son lako-lako, ana taɓawa ta amsa. Na ƙara wa sandar tsawo har wasan ya ɓace, na ɗaure noti.

Ta ninke takardar ta sa a aljihun ƙofa.

Alhamis, 8 ga Mayu

Bayana ya riƙe. Ko sa takalmi da ƙyar.

Asabar, 10 ga Mayu

Atisaye a filin tsere. Zagaye uku na farko sumul, ina jin giya tana shiga tun daga inda nake tsaye. Har na fara kallon sauran makanikai da gefen ido. A na biyar, kan miƙaƙƙiyar hanya, injin ya kama ihu mota ba ta tafiya. Ta shigo a hankali, ƙauri ya riga ta isowa.

Ta cire hular kwano ta ce kuloci yana sulɓewa. Direbobi sun taru, mai riƙe agogo ma yana nan. Ban san abin da ya hau kaina ba. Na ce, "Ƙafarki ce. Kin jingine ta a kan feda kamar 'yar koyo." Wani mai jar mota ya yi dariya.

Ta ce, "To, Baba."

Da motar ta huce na tuƙa ta zuwa gida, lafiya lau. Duk hanya ina ce wa kaina, ka gani?

Lahadi, 11 ga Mayu

Ba ta fito cin abinci ba. Uwarta ta ajiye mini kwano da ƙarfi, ta ce ita dai kowa ya san ba ta son tseren nan, amma ba ta taɓa tsinka 'yarta a gaban mutane ba. Wa ya gaya mata? Ba Auta ba, na san halinta.

Litinin, 12 ga Mayu

Da safe na fita da motar ni kaɗai, wai don in tabbatar. Na naɗe ƙafar hagu can ƙarƙashin kujera, ko kusa da feda ba ta je ba sai in zan canza giya. Minti ashirin, inji ya yi zafi, na taka totur a giya ta huɗu. Ihu. Mota ba ta tafiya.

Na tsaya gefen hanya, na shiga ƙasa na sassauta bakin cire iska. Mai ya yi tsartuwa ya wanke mini hannu, alhali babu wanda ya taka komai.

Na daɗe zaune a bakin kwalta. Sannan na ciro takardar daga aljihun ƙofa. Sai da na miƙa hannu iya tsawonsa kafin haruffan su tsaya wuri ɗaya. Shafi na uku, an ma zagaye gargaɗin da baƙin layi. Idan sanda ta yi tsawo, tana toshe ɗan ramin da mai ke bi ya koma kofinsa. Mai ya yi zafi, ya kumbura, ba shi da wurin zuwa, sai ya danna kuloci da kansa.

Abin haushin, na san wannan. Na koya wa mutane da yawa. Na saita sabon abu da hannun da ya saba da tsoho, kuma da aka yi mini magana, wadda ta yi maganar na duba, ban duba maganar ba.

Talata, 13 ga Mayu

Na sauke giyabos, akwatin giya, don in ga ɓarnar. Faifan ya yi ƙyalli kaɗan amma bai ƙone ba, Allah Ya rufa asiri. Na goge na mayar. Mai walda ya kama mini muka ɗaga. Da na ba shi labari bai yi tsiyar da na zata ba. Cewa ya yi na ƙarfe ai mai sauƙi ne, ɗayan gyaran fa?

Laraba, 14 ga Mayu

Na aika mata saƙo ta biyo ta gareji. Na shirya magana doguwa tun asuba, da ta tsaya a gabana duk ta gudu. Na ce, "Ba ƙafarki ba ce."

Ta ce ta sani. Tun yaushe? Tun zagaye na biyar. Na ce me ya hana ki faɗa a can? Ta ce, "Da na faɗa, ku za a yi wa dariya."

Na juya ina neman sifanar da ke hannuna.

Ita ta shiga ƙarƙashin sitiyari, ta fi ni dacewa da wurin. Ta ciro rula daga jakar makaranta ta ba ni na riƙe a gefen feda. Tana juya sanda rabi-rabi, ina danna feda da yatsa ina faɗa mata lamba. A milimita takwas muka tsaya, ta ɗaure noti. Ta saita ƙusar da ke tare feda a ƙasa don kada ta wuce iyaka. Na buɗe kofin mai, ta taka ta saki, na ga man ya motsa ya dawo. Mun yi awa ɗaya a hanya, ko gezau.

Juma'a, 16 ga Mayu

Ta daina fushi, amma a fili gaban mutane na tsinka ta, ba a gareji ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Kafin a fara na je wurin teburin mai riƙe agogo, inda direbobi ke sa hannu. Na ce abin da ya faru makon jiya saitina ne, ba tuƙinta ba. Mai jar mota ya sunkuyar da kai, wani dattijon makanike ya miƙo mini hannu. Auta tana can tana duba iskar taya, ban san ko ta ji ba.

Ta zo ta biyar. An ɗauke ta.

Uwarta ta ce ba ruwanta, amma sau uku ta kira ni kafin azahar.

Talata, 20 ga Mayu

Wani mai tasi ya kawo gyaran kuloci, na gama masa tun ƙarfe biyu. Na ce ya dawo biyar. Ba wai ina shakka ba, aikin ya yi. Auta tana tashi daga makaranta ƙarfe huɗu, kuma hanyarta ce. Ta ɗan taka ta ji, ai ba laifi.