Akwatin da Aka Girke Mini a Ɗaki

Litinin, 2 ga Satumba

Yau ma abinci bai shiga da daɗi ba. Tunda jikata Takwara ta samu gurbin karatun zanen gine-gine, gidan nan ba shi da hira sai ta kwamfuta. Babanta ya ce ɗaya zai iya: ko laftof, wadda ake naɗewa a jefa a jaka, ko ta tebur, ƙatuwa, a haɗa mata da tabulet, wani farantin gilashi da za ta riƙa zuwa aji da shi. Autana ya zo takanas ya yi mana lacca da loma a baki, yana feso mana. Ƙazami. Tun yana ƙarami haka yake.

Ni ba wanda ya tambaye ni. Na dai ce da sai da wannan tarkacen ake gina gida, da a gindin bishiya na haifi ubanninku.

Laraba, 4 ga Satumba

Ashe da magana a ƙasa. Uwar Takwara ce ta yi suɓutar baki muna shanya. In laftof ce, yarinya za ta koma ɗakin kwanan ɗalibai, don a makaranta suke taruwa su yi zanensu tare. In ta tebur ce, dole kullum ta dawo gida, tunda ba ta ɗaukuwa.

To fa. Yarinyar da tun tana rarrafe a ɗakina take kwana. Ga minshari, ga barin gashi a mataji. Amma wa zan riƙa tsokana da safe? Uwarta? Wannan ko cakulkuli ka yi mata sai ta ce "sannu Mama".

Alhamis, 5 ga Satumba

Na zama masaniyar kwamfuta. Na ba su labarin wata yarinya da laftof ta ƙona wa cinya har fata ta saluɓe. Na ƙawata shi sosai, har da warin. Takwara ta ce, "Kaka, 'yar gidan wa?" Na ce ba ki san su ba, sun tashi.

Auta ya goya mini baya, wai babbar ta fi ƙarfi kuma ana gyara ta gunduwa-gunduwa. Ni da Auta a layi ɗaya.

Asabar, 7 ga Satumba

Auta ya aro wata tsohuwar kwamfutar tebur daga wurin aikinsu, wai a gwada kafin a saya. Ɗakina kaɗai ke da fili da soket ɗin da ba ya tartsatsi, don haka nan aka girke ta, aka ture kwandon saƙata gefe.

Da ya kwance murfin gefe, wayyo Allah! Ƙura curi-curi kamar an aske tunkiya. Kashin ɓera. Busasshiyar tsaka manne da fanka. Kyankyasai kuwa, iyaye da 'ya'ya, suka watsu ƙarƙashin gadona kamar an tashi makaranta. Ya hura da baki, duk ƙurar ta dawo masa a gemu.

Baban Takwara ya ce, "Mama, kin amince kwamfutar ta zauna nan?" Na ce madalla da ita. Bakina ne ya faɗa.

Lahadi, 8 ga Satumba

Na tarar da kyankyaso ɗaya a cikin takalmina. Bayan na sa ƙafa.

Laraba, 11 ga Satumba

An fara karatu. Tana fita gari bai gama wayewa ba, mota biyu zuwa, mota biyu dawowa. Ta shigo, ta ajiye jaka, ta zauna gaban akwatin nan ta ba ni ƙeya. Abin da na yi ta ƙulle-ƙulle a kai ke nan, ƙeya. Na ba ta labarin yadda mai gyaran famfo ya faɗa kwata, har da kwaikwayon tafiyarsa. Ta ce "uhm".

Farantin gilashin da Auta ya ara mata duk shatin yatsu da maiƙo. Wai ma ba ya iya ɗaukar zanen nasu, kallo kawai.

Juma'a, 13 ga Satumba

Da za ta fita ta bar akwatin a kunne, wai yana haɗa mata aikin da za ta kai. "Kaka, kar ki kashe, kar ki danna komai." Ban kashe ba, ban danna ba. Amma ni a ɗakina ba a barin kaya tsirara. Rediyo da mayafinta, keken ɗinki da nasa. Na ɗauko bargo mai kauri na lulluɓe shi tsaf, na cusa gefe da gefe don kar baƙin nan su sake samun ƙofa, na ɗora fulas ɗin shayi a kai.

Ya yi ta gurnani. Can na ji ƙauri kamar ana babbaka gashi, sai ya yi tsit. Na ce alhamdulillahi, ya samu barci.

Da ta dawo ta yaye bargon, ta taɓa, ta janye hannu. Ta nuna mini wasu 'yan ramuka a baya. "Kaka, ta nan yake numfashi." Shi ke nan abin da ta ce. Ta zauna a ƙasa da takalminta. Da ma ta zage ni.

Asabar, 14 ga Satumba

Auta ya tayar da shi, amma aikin ya tafi. Na sha lacca. Wa ya taɓa gaya mini akwati yana da hanci?

Ta zauna za ta sake daga farko, aka ɗauke wuta. Abokan aikinta sun haɗa nasu a makaranta, nata ne kawai babu.

Talata, 17 ga Satumba

Na je asibiti kan gwiwar nan. A dawowa motarmu ta tsaya a babbar tasha, wurin da kwata ke ambaliya, kowa na tofar da yawu inda ya ga dama. Ta taga na hango ta a layi. Ta jingina da turken fitila, naɗin takardun zanenta a hammata, idonta a rufe. Barci take yi a tsaye. Wani ƙato ya bangaje ta, takardun suka faɗi a bakin kwatar. Ta tsince, ta goge da gefen mayafinta, ta koma ta jingina.

Ban kira ta ba. Abincin rana ma ban iya ci ba. Warin tashar ne.

Alhamis, 19 ga Satumba

Babanta ya tara mu, ya ce yau za a yanke. Auta ya gyara murya zai fara. Takwara ta riga shi. "Baba, a sayi ta teburin kawai. Zan saba. Kaka ba ta son zama ita kaɗai."

Tir! Ni za a ji wa tausayi? Yarinyar da na wanke wa kashi? Kuma a gaban surukata?

Na ce ku saurara. Yau ɗin nan za a fitar mini da gidan kyankyasan nan. Ɗakina nake so, da kwandona, da iskata. Ita ma mai minsharin a tattara ta a kai ta can ta dami 'ya'yan wasu. A saya mata ta jakar.

Babanta yana danne dariya ya ce, "Mama, yarinyar nan da cinyarta ta ƙone fa?"

Na ce ta warke.

Lahadi, 22 ga Satumba

Ta tafi. Laftof ɗin da aka saya mata siririya, ba ta kai faifan tuya ba, wai a ciki za a gina bene. Ban raka ta ƙofa ba, gwiwa. Ta ce za ta zo ran Asabar. Na ce kar ki kwaso mini wanki.

Alhamis, 26 ga Satumba

Ta kira a wayar uwarta, irin kiran da ake ganin mutum. Abin ƙyama, fuskata ta cika gilashin, ba abin da ake gani sai ƙofofin hanci. Tana zaune a wani dogon tebur, laftof a gabanta, ƙawayenta kewaye, duk suka leƙo suna "Kaka, ina wuni!" Ta yi fes. Har surutu ya dawo.

Na ba su labarin ranar da ta maƙale kanta a tagar banɗaki. Suka yi ta dariya, tana ihu wai ƙarya nake. Rabi gaskiya ne.

Uwarta ta nuna mini koren wurin da ake dannawa. Ban ce zan koya ba. Na dai ce ta bar mini wayar a ɗaki gobe da yamma, soket ɗina ya fi nasu kyau.